Mai Buhu da Karyarsa Mai Tsoron Ruwa

Duk wanda ya taɓa zuwa gaida Kaka Hamidu ya san ba a zama kai tsaye. Zai amsa maka sallama, amma kafin ka sunkuya cire takalmi sai ya ɗaga karan dawar nan nasa ya nuna maka gindin bedin ƙofar gida.

"Taka mu gani."

Sai ka je ka dawo, shi kuma ya karkata kai yana bin ƙafafunka da kallo kamar mai cinikin jaki a kasuwar Kafin Hausa. Ya yi wa mai unguwa haka, ya yi wa masu allurar rigakafi, har Liman bai tsira ba ranar da ya zo duba shi da zazzaɓi. Liman ya taka yana dariya, Kaka ya ce, "Allah gafarta Malam, kana jan ta dama."

Liman ya ce, "Tun ina saurayi nake ja maka salla, Malam Hamidu, sai yau ka gani?"

"A masallaci tsayuwarka nake gani. Tsayuwa kuwa ko mai ɗingishi ya iya ta."

Kun ce ni Hansatu in rubuta muku, tunda ni ce jikar da ta ƙarasa zama da shi. To ga shi, ku yi haƙuri da rubutun. Tun da maigidana ya rasu na dawo gidan Kaka nake dafa masa, kuma kun san ni, ko biki ake a makwabta sai an ja ni. Amma bangon ɗakina da na zaure ɗaya ne, kunnena kuwa lafiyarsa ƙalau. Abin da ban gani da ido ba na ji shi da ɗuminsa, don duk maganar ƙungiyarsu a zauren nan take farawa, a nan take ƙarewa.

Ƙungiyar masu kiwon karnuka nake nufi, ta ƙauyukanmu na bakin fadama, ƙetaren kogi daga Haɗejia. Mafarauta ne da masu gadin gonakin shinkafa da 'yan tsirarun da ke ajiye kare don tsaron gida. Duk shekara in an yanke shinkafa sukan taru a mashigi su duba wane kare ya fi kyan ƙira. Layi biyu ake yi, na karnukan daji da na karnukan gida, kowane layi wanda ya fi a ɗaura masa jan ƙyalle. A cikin masu jan ƙyallen ne ake fitar da mai kambu. Kambun nan wata fata ce da aka jera wa wuri, ake ɗaura wa kare a wuya, guda ɗaya tak tun kafin a haife ni. Ya tsage an ɗinke, ya sake tsagewa an sake ɗinkewa, har badukun ya ce yanzu zare ya fi fata yawa. Aka ce a yi sabo, Kaka ya ce ba a yi wa sarauta sabuwar fata. Kuma ba a mallakarsa. Shekara na zagayowa za ka kwance ka kawo.

Kaka ne alƙali. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ya iya sauke shi. Ga abin da yake nema, na haddace don na ji shi ya fi a ƙirga: ƙirji ya sauko kusa da gwiwar ƙafar gaba, ciki ya ɗame, baya ya miƙe ba lotsawa, tafin ƙafa a dunƙule kamar na kyanwa, haƙoran sama da na ƙasa su haɗu, wutsiya ta lanƙwasa kamar lauje amma kar ta naɗe kamar gammo. Ba ya taɓa kare da hannu, da kara yake gwadawa. Sannan sai a samo shaidu biyu da karnukansu ba su haɗa jini da wanda ake dubawa ba. Nan ake shan wahala, don duk karnukan yankin nan dangin juna ne, kuma Kaka ya san asalinsu fiye da yadda ya san sunayen jikokinsa. Ni kaina sai ya kira ni da sunan ƙanwata ya kira ni da na uwata, in ya gaji ya ce "Amarya" ya huta. Amma ka tambaye shi kakar wani kare a Birniwa, zai gaya maka har launin kunnenta. Akwai shekarar da aka rasa shaida sai da aka tare wasu masu tallan nono a hanya.

Babbar dokarsa ita ce ta ruwa. Ya ce gashi maƙaryaci ne, kare a bushe kowa mai kyau ne, sai an jiƙa ake ganin ƙashi. Don haka mai kare zai haye ƙetare a jirgi ya yi fito, karen ya shiga kogi da ƙafarsa ya iyo, ya fito gaban alƙali. Ba turawa, ba jefawa. Kare kuma in ya fito daga ruwa kun san abin da yake fara yi, kaɗa jiki. Wannan ne ya sa Kaka ya samo buhun taki, ya huda wajen kai da na hannuwa, yake zurawa a kan rigarsa, ya ɗora malafa. Wai rigar salla daban, rigar kare daban. Daga nan sunan Mai Buhu ya bi shi. Sani ɗan kawu Iro ya ji kunyar abin, da ya fara aiki ya sayo masa rigar ruwa mai kyau, ruwan ɗorawa, har da hula. Ranar taro Sani ya zo takanas don ya gan shi a ciki, sai ga Kaka ya fito da buhunsa.

"Kaka, ina rigar ruwan?"

"Tana adaka."

"Me take yi a adaka?"

"So kake ta jiƙe?"

Dokar ruwan nan ba a kan karnuka kaɗai ta tsaya ba. Lokacin da Isuhu ya zo daga Malam Madori neman 'yata Ladi, ya ci ado, babbar rigar shadda ta sha sitaci tana ƙara, tsaye take da kanta ko ba kowa a ciki. Ya taka zuwa gindin bedi ya dawo, Kaka ya ce, "Ban ga komai ba. Wannan duk gashi ne."

Ladi tana bayan ƙyaure tana cizon yatsa, don tana son yaron. Na leƙa na ce, "Haba Ango, ɗan mutane ne fa."

"Amarya, koma ciki, kishi ne ke damunki. A gaya masa ya zo mana gayya ranar dashe."

Isuhu ya zo, bawan Allah, malamin makaranta da rabonsa da taɓo tun yana yaro. Ya yini a sunkuye cikin ruwa har cinya, ya faɗi ya tashi, matsattsaku suka yi biki a ƙafarsa. Da la'asar ya fito singileti ta manne masa a jiki. Kaka yana zaune a kan kunyar gona da karansa, ya tashi ya zagaya shi.

"Ƙauri kamar na balbela. Amma kafaɗa a daidaice take, kuma ban ji ya yi ƙorafi ba. A ba shi jan ƙyalle."

Kawu Iro ya ce, "Baba, maganar Ladi fa?"

"Ita ce jan ƙyallen."

"To kambu fa?"

"Kambu sai na ga ta yi furfura a gidansa ba ta yi yaji ba."

Kar ku ce kullum shi ke da gaskiya. Wata shekara ɗan wani mai injin casar shinkafa a Haɗejia ya zo da wani karen ƙasar waje a bayan mota, ƙato kamar ɗan maraƙi, gashi buzu-buzu har ba a ganin idonsa. Kaka ya dube shi sau ɗaya ya ce a mayar da shi layin tumaki. Ya riƙa gaya wa jama'a su tsaya su ga ikon Allah, wai in wannan ya jiƙe abin da zai rage bai fi gafiya ba. Kare ya faɗa ruwa kamar an haife shi a ciki, ya iyo, ya fito. Ashe ba gashin ba ne, ƙashin ne haka. Ƙirji kamar turmi, baya kamar an ja da zare. Ya zo daidai gaban alƙali ya kaɗa jiki, malafa ta tashi ta faɗa kogi, ruwa ya bi ta wuyan buhu ya jiƙe Kaka har wando.

Ya yi ta zagaya karen yana neman aibi, kara na ɗiga. Daga baya ya kira amininsa Baba Modu mai jirgi, wanda shi ne mataimakinsa. Kun san tsakanin Babarbare da Bafillace, tun suna samari ba su taɓa gaisawa ba tsiya ba.

"Modu, zo ka duba min, ko idona ne."

"Idonka ƙalau, Fulata. Bakinka ne ya yi nauyi."

Dole ya ɗaura masa jan ƙyallen layin gida. Saurayin ya ce to kambu fa? Kaka ya ce doka ita ce sai an san uwar kare. Saurayi ya zaro waya ya nuna masa hotonta, har da na kakarta. Kaka ya kai wayar kusa da ido, ya nisanta, ya miƙa masa abinsa.

"Wannan ai a bushe take."

Ranar ya dawo gida ya cinye tuwonsa. Yana wanke hannu ya ce, "Amarya, wani gashin yana faɗin gaskiya. Amma ba shi da yawa."

To yanzu ga abin da ya tsaya masa a rai har ƙarshen rayuwarsa, Barewa. Karyarsa ce, ja mai haske, siririya, in tana tafiya kamar ba ta taka ƙasa. Uwarta ta wani masunci ce, kuma ta taɓa riƙe kambu. Wata damina ruwa ya ci bukkokin masunta, uwar ta tafi, aka tsinci 'yar kwikwiyar a kan wata jinka tana yawo cikin kacala, ciyawar nan da ta cinye mana fadama. Kaka ya kawo ta gida a cikin malafa. Na ce ni dai kar ta kusanci tukwanena. Ya yi mata wuri a ƙarƙashin rumbu, da kaskonta daban, kuma gaskiya ba ta taɓa tsallaka ƙofar ɗaki ba. Da ta girma kowa ya gan ta sai ya tsaya. Mafarauta daga nesa suke zuwa kallo. Modu da kansa ya ce tun da yake bai taɓa ganin ƙira irin wannan ba.

Sai dai Barewa ba ta shiga ruwa. Ko kwatami ne sai ta zagaye. In kaskonta ya cika da yawa, daga nesa take miƙa wuya ta sha. Ruwan sama kuwa tun hadari bai haɗu ba za ka ga ta shige ƙarƙashin rumbu ta naɗe. Har matan unguwa suka daina duba sama. In sun yi shanya sai su leƙo ta katanga, "Hansatu, Barewa ta shige?" In na ce ta shige, kowa ta ruga ta kwashe kayanta, ko da rana ta ƙwalle. Ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Ranar taro, in layi ya zo kanta, Kaka yakan tuɓe buhu ya miƙa wa Modu kara, don alƙali ba ya duba nasa. Sai ya tsaya a ƙetare ya yi fito. Barewa ta zo bakin ruwa, ta dubi kogi, ta dube shi, ta zauna tana kaɗa wutsiya. Ya yi fito har leɓensa ya bushe. Ya ɗaga mata busasshen kifi, ya ɗaga mata ƙashin rago. Wata shekara shi ya shiga ruwan har ƙirji yana lallashinta kamar amarya a bakin ƙofa, ya kwaso mura da ta kwantar da shi, ni na sha jinya. Haka kambu ya yi ta zuwa wuyan Duna, baƙin karen Modu, shekara da shekaru. Modu kuma ba ya jin daɗin abin, don kowa ya san saboda me.

Wata rana 'yan ƙungiya suka taru a zaure, ina jin su ina tankaɗe. Suka ce sun yi shawara, a ɗebo ruwan kogin a bokiti a kwara mata, ai jiƙewa jiƙewa ce.

Kaka ya ce, "Da ƙafarta."

Modu ya ce, "Kai ka kafa dokar nan, Fulata, ba saukar da ita aka yi ba. Mun yafe maka."

"Ɗan Haɗejia da na hana shi saboda uwar karensa a bushe take, shi ma kun yafe masa? Ruwan bokiti ruwan alfarma ne. In ta ci da alfarma, duk wanda ya gan ta da kambu bokiti zai gani."

Modu bai haƙura ba. Ya ƙulla dabara shi kaɗai, ya yaudare ta da kifi ta hau jirginsa a kan tudu, ya tura jirgin, da nufin in sun ɗan yi nisa ya karkata shi ya ce tsautsayi ne. Barewa na jin jirgi ya motsa ta yi tsalle ɗaya ta dira a kan gaɓa, ko farcenta bai jiƙe ba. Jirgi ya kife da Modu. Ya fito yana tari, rawani a hannu, sai ga Kaka tsaye da kara.

"Tsaya nan, yau na gan ka a jiƙe. Babu ƙirji, baya ya lotsa, tumbi ya sauko inda ƙirji ya kamata ya sauko. Modu, ko a layin gida ba ka da ƙyalle."

Muna dariya muna dariya, shekaru suna tafiya. Wata rana da azahar ina madafi, ya zo ya tsuguna a gindin rumbu, bai san ina nan ba. Na ji yana mata magana ƙasa-ƙasa. "Ke, furfura ta fara fito miki a baki. Ni kuma ido ya fara hazo. In kika ƙara jinkiri, ko kin shiga ba zan gani ba, ko na gani ba abin da ya rage. Na cika wa duniya baki a kanki, ni kaina ban taɓa ganinki a jiƙe ba." Ita kuma ta ɗora haɓa a kan ƙafafunta tana kallonsa. Na koma na ci gaba da hura wuta, ban yi motsin da zai ji ba. Daga ranar na daina yi masa tsiyar Barewa.

Daminar bana ruwa ya cika fadama ya haɗe da kogi, hanyar mota ta yanke. A cikin haka ciwon ƙirji ya kama Kaka, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Kawu Iro ya bugo waya ya ce zai jira mu da mota a ƙetare, a kawo shi asibiti Haɗejia. Ba hanya sai jirgi, ba mai jinya sai ni. Ni kuwa rabona da jirgi tun ranar da aka kai ni ɗakin miji, shi ma ido a rufe na yi tafiyar. Kaka kan ce ni da Barewa uwa ɗaya ta haife mu.

Da hantsi aka fito da shi. Ya ce a sa masa farar rigarsa ta Juma'a, wai ba zai je gaban likita kamar wanda ba shi da kowa ba. Na buɗe adaka na ɗauko rigar ruwan Sani, tana nan a ledarta, na lulluɓe shi da ita bai da ƙarfin musu. Bukar ɗan Modu ke tuƙi, Modu ya zauna a baya ya jingina Kaka a ƙirjinsa. Don in hau sai da na kutsa ruwa har gwiwa, ina salati. Barewa ta biyo mu har bakin ruwa ta zauna, yadda ta saba.

Jirgi ya tashi. Ta miƙe. Ta bi gaɓa da gudu ta dawo, ta sake bi, tana wani kuka siriri da ban taɓa jin ta yi ba. Ba wanda ya yi mata fito. Kaka idonsa a rufe yake, ni kuma na ƙanƙame gefen jirgi ina kallon ƙafafuna. Sai na ji Bukar ya daina tuƙi.

"Baba, ku duba baya."

Wani ɗan jan kai ne a kan ruwa, kunnuwa a kwance, hanci a sama, yana biyo mu ta cikin hanyar da jirgi ya buɗa a kacala. Ba ta iya ba, dukan ruwan kawai take da ƙafafun gaba, tana nutsewa tana tasowa. Modu ya girgiza Kaka a hankali.

"Fulata, buɗe ido. Ta shiga."

"Wa ya tura ta?"

"Ba kowa."

"Ka rantse."

"Wallahi da ƙafarta."

Kaka ya ce a tayar da shi zaune. Bukar ya ce bari ya koma ya tsamo ta kar ta nutse, Kaka ya ɗaga hannu. Ya nuna wani tudu a gabanmu, gonar wani ce da ruwa bai gama cinyewa ba, ya ce a tsaya can. Na ce, "Ango, asibiti za mu fa, Kawu na jira."

"Asibiti ba ya gudu, Amarya."

Bukar ya kafa sanda a gefen tudun, amma na ga ya tuɓe riga ya shirya faɗawa in ta kasa. Ba ta kasa ba. Ta iso, ta dafa taɓo, ta ja jiki ta hau, ta tsaya tana rawar ɗari tana haki. Gashi ya kwanta, duk haƙarƙarinta a waje, bakin nan fari fat da furfura. Ni dai tsohuwar karya na gani da ta sha wuya, sai hawaye.

Kaka ya ce, "Modu, kara."

Ba kara a jirgi. Modu ya karyo sandar kacala ya fita. Kaka ya ce shaidu fa? Modu ya ce ga Bukar ba shi da kare, ga Hansatu ba ta da kare, kuma ita ma yau ta shiga ruwa da ƙafarta. Kaka ya yarda. Sannan ya dubi Barewa, da muryar da da ƙyar take fita ya ce, "Taka mu gani."

Modu ya ja da baya yana kiranta, ta bi shi zuwa ƙarshen tudun ta dawo. Ya gwada ƙirji, ya ɗora karan a gadon baya, ya ɗaga leɓenta ya duba haƙori. Bai yi gaggawa ba, kuma bai yi wasa ba, karo na farko a rayuwata da na ga Modu ba wasa.

"Faɗi gaskiya, Babarbare. Kai ke da kara."

"Nama ya tafi, ƙashi yana nan. Ƙirji har gwiwa. Baya a miƙe. Wutsiya lauje."

"Kunnen hagu fa? Na ga ya faɗi."

"Ruwa ne ya shiga. Kai ma in ka iyo daga can naka zai faɗi."

Kaka ya daɗe yana kallonta, yana ƙifta ido don hazon. Can ya ce, "Ta fi uwarta." Ya numfasa. "Sai dai kambu yana gida. In na dawo a ɗaura."

Modu ya sa hannu a aljihu ya zaro shi.

"Me ya kawo kambu aljihunka ranar zuwa asibiti?"

"Na yi niyyar in ka suma a hanya, in koma in ɗaura mata a bushe, in ka farka in ce ka yarda."

"Ɓarawo."

"Na ji. In ɗaura?"

"Ɗaura."

Ya ɗaura mata. Barewa ta tako har gefen jirgi daidai inda Kaka yake, ta buɗe ƙafafu, na san abin da za ta yi. Na yi wuf zan ja masa rigar ruwan ta rufe farar rigarsa, sai ya ture hannuna, ya ture rigar ruwan ma gaba ɗaya. Ta kaɗa jiki tun daga kai har wutsiya, ruwa da taɓo suka wanke masa fuska da gemu da rigar Juma'a.

"Bar shi, Amarya. Wannan nawa ne."

Haka ya shiga asibiti da ɗigon taɓo a riga. Malamar da ta karɓe mu ta ce faɗuwa ya yi a hanya? Ya ce a'a, sarauta aka naɗa. Da likita ya zo kuma ya juya zai fita, na ji Kaka yana cewa a hankali wai wannan yana jan ta hagu.

Kwana kaɗan ya yi Allah ya karɓi abinsa, da safe, bayan ya sha kunu. A Haɗejia aka yi masa sutura, a gidan Kawu Iro, don ba halin mayar da shi. Modu yana cikin waɗanda suka yi masa wanka. Ina zaune a tsakar gida cikin mata sai aka ce yana kirana a soro. Na same shi hannun riga a naɗe, idonsa ja. Na ɗauka wani abu ake nema, sabulu ko turare. Ya dube ni ya ce, "Hansatu, an jiƙa shi. Babu aibi."

Barewa tana nan. Bukar ya ɗauko ta a jirgi a hanyar komawa ranar, kuma tun daga nan ko raɓa ba ta sake takawa ba. Mata suna nan suna leƙowa ta katanga. Kambu yana wuyanta, amma in an yanke shinkafa zan kwance da hannuna in aika wa Modu, don na san mai dokar, ba zai ji daɗi ba in aka yi mata alfarma. Buhun na rataye a zaure inda ya bar shi.

Allah ya jiƙan Kaka Hamidu, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya masa makwanci. Yadda ya tsamo 'yar halitta daga bakin ruwa ya ba ta inuwa, Allah ya ƙetarar da shi lafiya, ya karɓe shi da rahama ba da bincike ba. Mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.